Makullin Ƙafar Motar Baba

Shekarun baya, tun Gassi ba ta cika da gidaje haka ba, mahaifina yana da wata tsohuwar katkat, motar nan mai ja da ƙafa huɗu. Makullin tayoyinta na gaba na hannu ne: in za ka shiga taɓo sai ka sauka ka murɗa na dama, ka zagaya ka murɗa na hagu. Akwai na zamani mai kama kansa, ba sai ka sauka ba, amma Baba bai ƙi jinin komai kamarsa ba. Shekara talatin ya yi yana tuƙin daji, kuma tun muna yara yake cewa na ragwaye ne, da ka ja baya a taɓo zai sake ka. Ni kuwa na haddace karatun tsaf.

Wata rana muna garaj a Dembe ana juye mai, sai na ji yana tambayar makaniki ƙasa-ƙasa ko ana samun mai kama kansan. Bakina da ba ya shiru ya riga hankalina.

"Haba Baba, na ragwayen? Yau kuma kai ne?"

Na karanto masa karatunsa kaf a gaban mutane, har da kwaikwayon muryarsa. Aka yi dariya. Shi ma ya murmusa, ya ce, "Shi ke nan, tambaya kawai na yi." Na koma gida ina jin kaina gwani.

Da damina ta kankama muka tafi duba filinsa a Gassi, shi ke tuƙi, don ba ya ba kowa sitiyari. Muka iso wani kwari da ruwa ya kwanta. Ya tsaya, ya sauka, ya durƙusa gaban taya. Ina ta latsa waya, sai na ga shirun ya yi yawa. Da na zagayo na tarar ya naɗe makullin da hankici, ya kama da hannu biyu yana murɗawa, abin ko motsi. Gwiwoyinsa sun nutse a laka.

Bai ɗago ba ya ce, "Tun bara yatsun suka ƙi. In mahaifiyarka ta ji, za ta ce in ajiye mota."

Na durƙusa na murɗa da yatsu biyu, ya faɗa ƙas. Ban taɓa jin kunyar ƙarfina irin ta ranar ba.

Ashe abin da ya je nema a garaj ke nan, hanyar da zai ci gaba da tuƙi ba tare da ya roƙi kowa ba, ni kuma na mayar da shi abin dariya. Kafin sati ya zagayo na kai motar aka sa mai kama kansa. Ga mai tambaya, na ce ni ne na gaji da ɓata takalmi. Baba ya yi ta tsokanata da rago a gaban abokansa, na amsa sunan. Damina biyu ya ƙara yana tuƙa kansa kafin Allah Ya karɓi abinsa.

Daga ranar na koyi cewa in babba ya janye maganarsa ta shekaru, a tambayi dalili kafin a yi dariya. Motar tana wajena har yau. Direbobi kan leƙa tayar su ce na hannu ya fi ƙarko, in ce gaskiyarku. Sai su ce to me ya hana ni canzawa.

Nakan ce musu rago ne ni.