Kaset Ɗin Mijin Hajiya Ramatu

Ranar da Hajiya Ramatu ta shigo shagonmu na unguwar Aboabo a Kumasi da kwali a ka, har yau ba ta fita raina ba. Wata Laraba ce cikin damina. Lokacin ni ne babban mai gyara a shagon kwamfuta na Alhaji Sule. Na yi aiki a Legas da Tarabulus, na ƙare a Jamus kafin in dawo gida, kowa Masta yake ce mini. Mai bi mini shi ne Issaka, wanda bai taɓa wuce Tamale ba. Da can rediyo yake gyarawa a Moshi Zango, yana kwafar kaset ɗin wa'azi.

A cikin kwalin akwai tsohuwar kwamfutar gida, irin wadda ake jona wa talabijin. Ga waɗanda ba su riski zamanin ba, irinta ba ta ajiye komai a cikinta. A kaset ake ajiyewa. Ka kunna rikoda, ta saurari wata ƙara kamar kukan gyare, ta mayar da ita wasa a allo. Marigayi mijin Hajiya malamin lissafi ne mai son labaran jiragen da ke zuwa wasu duniyoyi, shi ya rubuta wasan da kansa. Jikokinta za su zo hutu, tana so su ga aikin kakansu. Kaset ɗin kuwa guda ɗaya ne tak.

Ƙa'idar shagonmu, wanda ya sa sunansa a katin aiki shi kaɗai ke taɓa kayan. Na yi sauri na sa nawa.

Kwamfutar ta tashi cikin kwana biyu, amma kaset ya ƙi. In kunna, ta saurara, ta ce akwai kuskure. A rana ta uku Issaka ya ɗago daga bencinsa ya ce, "Masta, ƙarar nan a dushe take. Kan rikodarka mai karanta kaset bai zauna yadda na marigayi ya zauna ba." Na ce masa kwamfuta ba wa'azi ba ce. Ya yi dariya ya koma aikinsa.

Na san zai iya yin gaskiya, kuma abin da ya ƙona ni ke nan. A Jamus na ga ƙaramin ma'aikaci yana gyara wa babba, na sha yabon wannan a hira. A bencina kuwa na kasa. Na canza waya, na canza rikoda, na yi ta maimaita kaset ɗin har mako biyu. Kullum sai in ga wani gari ja-ja a kan rikodar. Fatar kaset ɗin ce ke zuba. In goge, in ci gaba ba tare da na gaya wa kowa ba.

Da Hajiya ta zo karo na uku, Alhaji Sule ya ɗauki katin da kansa ya ce in huta, Issaka ya sa kunne. Issaka ya ɗauko ɗan ƙaramin sukundireba, ya rufe ido, yana juya kusar kan rikodar a hankali har ƙarar ta yi kaifi. Daga nan ya mayar da kaset farko, sau ɗaya ya kunna, kuma yana kunnawa yana naɗar sautin a sabuwar kwamfuta. Jirgi ya bayyana a allo, ga rubutu da Hausa yana cewa ya tashi daga Kumasi. Har mai waake, wato shinkafa da wake, ta ƙofar shago ta bar tukunyarta ta leƙo, ana ta Wofa Issaka, Wofa Issaka, wato Kawu Issaka. Ni ina tsaye da takardun shaidata na Jamus a bango.

Wasan kashi uku ne, biyu suka fito. Na uku, inda jirgin ke dawowa gida, bai fito ba, domin daidai wurin ne kaset ya fi cinyewa. Hajiya ta tambaya ina sauran.

"Maame, uwata, kaset ya tsufa," in ji Issaka. Bai ko dube ni ba.

Wallahi har wannan rufin asirin sai da na yi masa hassada a kai.

Tun daga ranar, duk kayan da babu na biyunsu, kwafi nake fara ɗauka kafin in taɓa. Kuma in na ji zuciyata na cewa kada in kira wane, shi nake fara kira. Kayan mutane ne a hannunmu, kuma da su ake biyan girman kanmu. Jikokin Hajiya sun buga wasan har sun ƙoshi, amma jirgin kakansu yana can, ni na hana shi dawowa.