Kwandon Tumatirin Kawu Na-gode

Kawuna, yayan mahaifiyata, ɗan lambu ne, kuma duk unguwa ba mai kiransa sai da Kawu Na-gode. Ka taka masa ƙafa a kasuwa, shi zai riga ka cewa sannu. Ni kuwa Barkono yake ce mini tun ina ƙarama, don ba na haɗiye magana. Yau ma ba zan haɗiye ba.

Lambunsa yana bakin rafi. Tsakanin unguwarmu da rafin akwai ƙaton filin wani dattijo, kuma ta tsakiyarsa wata 'yar siririyar hanya ta ratsa, wadda ƙafafun mutane suka fitar tun kafin a haifi mahaifiyata. Masu wanki ta nan suke bi, 'yan makaranta ta nan, masu lambu ta nan. In ba ita ba, sai ka zagaya ta babban titi, ka haura gada, ka gangaro, mai lafiya ma sai ya jiƙe da gumi. Kawu kuwa gwiwarsa ta dama ta daɗe da lalacewa, da sanda yake lallaɓa ta. Lambun nan shi ne cinsa, shi ne rufin asirinsa, don mutum ne da ya gwammace ya kwana da yunwa da ya miƙa wa ɗa ko jika hannu.

Shi yake gyaran hanyar, ba wanda ya sa shi. Ciyawa ta rufe, ya sare. Ruwa ya zaizaye, ya jera duwatsu. Kuma duk shekara, tsinkar farko ta tumatir, sai ya cika kwando ya kai wa mai filin. Da kunnena na sha jin dattijon yana cewa, "Haba malam, hanyar kowa ce fa!" Kawu ya rusuna ya ce, "Duk da haka, mun gode."

Dattijo ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da filin ga wani mai sayar da motoci. Wata safiya masu wanki suka dawo da ƙullin kayansu a ka: an ja waya mai ƙaya, an kafa allo wai ba hanya. Unguwa ta tashi, muka ɗauki lauya. Ya zaunar da mu a ofishinsa, fanka tana ta ƙara ba iska, ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce in jama'a sun daɗe suna bin hanya a fili, ba da ƙarfi ba, ba da neman izinin kowa ba, kotu tana iya tabbatar musu da ita. Amma in da izinin mai fili ake bi, to alfarma ce, kuma sabon mai fili yana iya janye ta. Ya ce Kawu ne babban shaidarmu, tunda ya fi kowa daɗewa a kan hanyar.

Nan take na tuna da kwandon tumatir. Na ja Kawu shagona na ɗinki, na kashe keke, na ce, "Kawu, don girman Allah, zancen kwandon nan ka bar kaza cikin gashinta."

Ya ce, "In ba a tambaye ni ba, ba zan faɗa ba."

Ranar shari'a lauyan mai motoci ya miƙe, baki har kunne, muryarsa kamar zuma. Kura da fatar akuya! Ya ce, "Baba, marigayi mutumin kirki ne ko?"

Kawu ya gyara tsayuwa a kan sandarsa. "Kai, ba a magana! Allah ya jiƙansa."

"An ce har tumatir kake kai masa duk shekara."

"Ƙwarai kuwa."

"Na mene ne?"

"Na godiya mana. Mutum ya bar ka kana ratsa filinsa."

"Ke nan da izininsa kuke wucewa?"

"To da izinin wa? Ni ba ɓarawo ba ne, ɗan nan."

Lauyanmu ya dafe kai. Ni na miƙe na ce, "Ku tambaye shi abin da marigayin yake ce masa mana!" Ɗan sanda ya nuna mini ƙofa. Daga baya lauyanmu ya tambaya, Kawu ya faɗa, amma aka ce maganar mamaci ce, kwando kuwa kowa ya gani. Muka faɗi shari'ar.

An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. To na Kawu ya faɗi, har an bi ta kansa da mota. Da ɗan iska ne, mai ratsa filin mutane yana fito ko sallama babu, da yanzu hanya tana nan. Ladabinsa aka ɗauka aka rufe masa hanya da shi. Wallahi abin nan yana ci mini rai, tir!

Da yamma na same shi na zazzage masa duk abin da ke cikina. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Barkono, so kike in tsaya gaban alƙali in ce shekara da shekaru ina taka filin mutum ban san na gode ba?" Abin ya ƙara ƙona ni.

Aka cire waya aka ɗora katanga. Kawu ya gwada zagayen titi, gwiwa ta kumbura kamar tulu. Ya sake gwadawa, ya faɗi a kan gada, wani direba ya kawo mana shi da jini a haɓa. Irin da ya yafa ya bushe a tsaye, ya bar wa wani lambun.

Yanzu a ɗakin bayan shagona yake zaune. Jiya na dawo kasuwa da tumatir a leda, ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya ce ɗanye aka tsinke shi, ya mayar a hankali. Da na gama girki na ajiye masa kwano a gabansa, mutumin da tumatirinsa ya yi mana kuɗin makaranta ya miƙo hannu biyu, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Na gode, Barkono."

Na ce kada ya ƙara faɗa mini wannan kalma a gidan nan. Na koma kan keke na yi ta takawa ba zare, don kada ya ji ina kuka.