Kwanon Ɗakina a Kan Makarantar Gimba

Duk wanda ya ce muku Gimba magini mutumin kirki ne, ku turo shi ɗakina a unguwar Asata ta Enugu ranar da ake ruwa. Taubashina ne, ɗan kawuna, na san shi tun yana yawo ba wando. Kansa ya fi tubalinsa tauri.

Tun zamanin Turawa mahauta da dillalan shanu suka haɗa kai za su gina wa yaransu makaranta a wani ƙauye bayan Enugu, inda ake sauke shanu. Suka kira Gimba. Malam Lucas, wanda zai koyar, ya ce, "Gimba, a sa kwano. Ruwan nan ba irin na Zariya ba ne." Gimba ya ce ubansa bai taɓa rufa gini da gwangwani ba, shi ma ba zai fara ba. Ya sa aka kawo azara a jirgin ƙasa, ya ɗaura bakan gizo a tsakiyar aji, ya daɓe rufin da ƙasa, ya kafa zankwaye a kusurwoyi kamar kunnen zomo. Kyau kam ya yi, har masu keke suna faɗawa kwata wajen kallo.

Damina ta sauka. Wallahi yaran nan sai da suka iya iyo kafin su iya ABCD. Malam Lucas yana rubutu a allo da ganyen ayaba a ka. Dole aka kafa katako aka kifa wa ginin kwano daga sama kamar malafa. Gimba ya daina gaisawa da kowa har babbar sallah. Amma ginin ya tsaya, shekara da shekaru.

Bayan 'yancin kai aka mai da yara sabon aji na siminti, tsohon kuma aka ce ya zama gidan tarihi. Aka jera tsofaffin bencuna da ƙararrawa. Edwin, mai kula da wurin, ya ce kwanon nan ya ɓoye asalin gini, baƙi ba sa ganin zankwaye. Ya sa aka cire.

Na ɗauka Gimba zai taka rawa. Ina! Ya isa can yana kumfar baki.

"Kai wane iri ne? Ka tsiraita mini gini, ga hadari yana haɗowa!"

"Baba, ba kai aka ce ka rantse ba ka son kwano ba?"

"Na rantse! Ruwan Enugu ya san da rantsuwata ne? Mai da shi!"

Edwin ya ce ai an riga an rufa ofis da shi.

Ruwan farko ya cinye zanko guda. Washegari na dawo daga kasuwar Ogbete da rana tsaka, na tura ƙofar ɗakina da muka gina tare da Gimba, sai ga ni ga sama, har da shirwa tana shawagi. Na bi sawu zuwa ƙauyen. Na tarar da Gimba a kan rufi da kwanonmu, Edwin mara kunya a ƙasa yana riƙe masa tsani.

"Gimba, ɗan banza! Ni a ina zan kwana?"

"Kai narkewa za ka yi, Muntaka? Miƙo ƙusa."

Na miƙa, don da na jefa masa sai a ce na kashe ɗan kawuna. Yau ginin nan a bushe yake ƙayau, baƙi suna ɗaukar hoto. Ni kuwa kwaɗi sun buɗe tasu makarantar a ƙarƙashin gadona.