Kibiyar da Na Cusa wa Dara

Har yau in na tuna da koriyar kibiyar nan sai raina ya ɓaci, kuma ba kowa nake jin haushi ba sai kaina. Ni na ƙirƙiro ta, ni na zaɓa mata launi, har ina taƙama da ita a gaban mutane.

Wani abokin karatuna ne ya haɗa manhajar dara ta waya, wadda mutum biyu za su buga ko da kowa yana garinsa. Wasan ya yi kyau, amma darasin da ke koya wa sabon shiga, kai, abin takaici! Shafi bakwai na rubutu zalla, ga Hausar kamar an jiƙa ta an shanya. Ni kuwa malamin kwamfuta ne a Ƙauran Namoda, kuma a gindin masu dara na tashi. Na kira shi na wanke shi tas. Ya ce to, tunda na fi kowa baki, in gyara.

Na zauna na gyara. Na share rubutun nan, na sa murya. Gurabe talatin, kowa da 'ya'ya sha biyu. Ba a jera uku lokacin zubi, sai an fara tafiya. Ka jera uku ka cire ɗan abokin wasanka, ka jera huɗu ka yi aikin banza. Duk wannan daidai ne. Sai rawar kai ta ɗebe ni, na ƙara da kibiya: duk wanda ya buɗe sabon asusu, a wasanninsa goma na farko za ta riƙa nuna masa gurbin da ya fi dacewa ya taka.

Gaskiyar magana, don Kawuna na yi wahalar nan. Yayan mahaifiyata ne, manomin gero a Zurmi, har rashin kwanciyar hankali ya taso shi ya dawo gidanmu. Yana da amini a Shinkafi, wani Bafillace dillalin shanu. Fiye da shekara talatin, duk ranar kasuwa sai sun haƙa gurabe a ƙasa, Kawu da tsinken kara, shi da tsakuwa, su buga har la'asar suna tsokanar juna. Da hanya ta lalace, shekara biyu ba su haɗu ba. Kawu ya zama shiru-shiru, sai dai ka ga yana tona ƙasa da yatsa a ƙofar gida.

Na buɗe masa sabon asusu a wayata. Shi kuwa aminin nasa, da wayar babban ɗansa direba ya shiga, wanda ya daɗe da wuce wasa goma. Wannan bambancin ko a raina bai zo ba.

Ranar farko Kawu ya ci wasa uku a jere. Na ga haƙoransa a waje, abin da na manta rabon da in gani. Kibiya tana ta ƙyalli a allo, shi ko kallo ba ta ishe shi ba, ya ɗauka ado ce. Abin haushin, sau da yawa inda zai taka nan take nunawa, don Kawu gwani ne.

A rana ta uku, bayan an tashi, ya ce in kira masa mutumin su taɓa barkwanci. Na sa wayar a amsa-kuwwa.

"Bafillace, yaya ka ji da hannun manya?" in ji Kawu. "Ko wagga kibiya da ka yi mani shisshigi ta san ba ni bukatar ta."

Sai muryar aminin ta fito a sanyaye: "Wace kibiya?"

"Koriyar mana, wadda ka nuna gurbi. Kai ba ka da ita?"

"Ni ban ga komi ba. Ashe ku biyu ne kuka taru kaina."

Aminin ya kashe waya.

Wanda bai san dara ba zai ce mene ne a ciki. To a wurinmu, ɗan kallo ba ya sa baki. Kana iya yin dariya, kana iya tsaki bayan an taka, amma ka nuna gurbi da yatsa, ko da ƙifta ido ne, ka zubar da mutuncinka da na wanda ka nuna wa. Ina yaro na ga Kawu da kansa ya watse gurabe da ƙafa ya tashi, don wani ya yi gyaran murya a bayansa. Na san wannan sarai! Da idona na gani! Amma da na zauna gaban kwamfuta sai na ɗauko ɗan kallo mafi rashin kunya na dasa shi a kafaɗar Kawuna.

Kawu ya juyo ya dube ni. "Kai ka sa ta?"

"Ni ne, Kawu. Don masu koyo na yi."

"Ni na mai koyo?" Ya ajiye wayar a kan tabarma. "Shekara talatin ban taɓa cin shi da hannun wani ba. Yau ɗan ƙanwata ya maishe ni ɓarawon dara."

Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na kira abokina na ce a cire ta yau-yau. Sai ya hau yi mini bayani, wai masu koyo suna son ta, wai tun da aka sa ta mutane sun daina gudu. Na ce ko duk duniya ke son ta sai ta fita. Muka yi baram-baram, amma ya cire. Na sake darasin daga tushe: sabon shiga ya zauna ya kalli wasa biyu, murya na faɗa masa dalilin kowane taku bayan an riga an taka, kamar yadda muka koya a tsugune. Daga nan a sake shi ya sha kayensa shi kaɗai. Kowa ya ce wannan ya fi. Yabon bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Na kira Shinkafi na rantse wa dattijon cewa laifina ne, Kawu bai san komai ba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Na ji, ɗana. Allah shi kyauta." Bayan sati uku ya yarda suka koma wasa.

Ina zaune ranar. Kawu ya jera uku, ya cire, ya sake jerawa, ya gama da shi cikin tsabta, ba kibiya ba komai. Waya ta yi ƙara, Kawu ya ɗauka da fara'arsa. Aminin yana dariya, irin ta barkwancinsu na da, ya ce, "Ka yi ƙoƙari. Amma hwaɗa mani gaskiya, kai ne ko ita?"

Kawu ya miƙo mini wayar da hannu biyu, ya ce in share sunansa, shi Kawun, daga cikin manhajar.