Ranar da Anti Waya Ta Janye Sunanta

Ƙarfe bakwai da rabi Anti Waya take isa ofis, ta ajiye jaka, ta fara da aikin da kowa ke gudu: kiran waɗanda ba a ɗauka ba. Shekara ashirin da biyu ta yi tana dillancin ma'aikata, tana haɗa masana lissafi da kamfanonin zuba jari masu neman wanda zai auna musu riba da asara kafin su sayi hannun jari. Sauran dillalai, da zarar kamfani ya ce a'a, sai ka neme su ka rasa. Ita kuwa sai ta kira ka, ta faɗa maka tambayar da ta kayar da kai a intabiyu, ko da za ta yi maka ɗaci.

Bana kasuwa ta mutu murus. Kamfanoni sun koma cewa kowa ya nema kai tsaye ta shafinsu na intanet, inda na'ura ke tace takardu. Manaja ya gaya mata ƙiri-ƙiri: in wata uku ya cika ba ta sa kowa a aiki ba, ta bar kujerar.

Mutum ɗaya ne a hannunta, wani da take kira Dokta, mai digiri uku a lissafi da 'ya'ya biyu, wata goma sha ɗaya yana zaman gida. Ta gyara masa takardu, ta kai shi wani kamfani, ya tsallake intabiyu huɗu. Ashe bawan Allah tuni ya cike fom a shafin kamfanin nan da kansa. Dokarsu kuwa, takardar da ta shigo ta ƙofa biyu gefe ake tura ta, don gudun rigimar kamasho da dillali.

"Anti, wallahi na manta," in ji shi. "Wuri ya fi ɗari na tura."

"Haba Dokta! Kai da ke lissafa haɗarin kasuwa, wannan ya gagare ka?" Ta jawo kwamfuta gabanta. "Jeka ka goge kwat ɗinka."

Ta rubuta wa kamfanin layi biyu: ta janye sunanta, ba ta neman komai a kansa, a ɗauka da ƙafarsa ya zo. Litinin ya kama aiki. A takardar manaja kuwa, Anti ba ta sa kowa ba.

Juma'ar da ta wuce ta kwashe kayanta a kwali ɗaya, ko walimar sallama ba a yi mata ba. Abin da ciwo, wallahi.

Ke ce mai kai mutane ƙofar da ba za ki shiga ba, Anti. Mun gode, Allah ya saka miki. Ku masu tasowa a sana'ar nan, ku yi koyi da ita, amma ku san abin da ya ci mata. Yau, tana da shekara hamsin da huɗu, tana gida tana cike fom a shafukan kamfanoni, ba ta da wanda zai kai ta.