Ramla 'Yar Baya

A Ƙofar Durɓi ta birnin Katsina aka haifi Ramla, ɗiyar Malam Sammani mai gyaran Keke Napep. Ita kaɗai ce mace bayan maza uku, don haka ta iya tare ƙwallo da ƙirji tun kafin ta iya hura wuta. A tsakar gida suke bugawa, mahaifiyarsu Inna Hajo tana bin su da muciya saboda randarta.

Da ta shiga sakandaren 'yan mata, burinta ta zama 'yar gaba, ta riƙa zura ƙwallo ana kiran sunanta. Malamin wasanni, Malam Muttaka, ya kalli wasanta ya ce, "Ke baya za ki tsaya. Ba ki da gaggawa, kuma ba ki tsoron karo." Ta kumbura baki kwana biyu. Daga baya ta gano daɗin abin: yarinya ta taho a guje tana ji da kanta, Ramla ta sa ƙafa a hankali ta raba ta da ƙwallo, ta bar ta tana waige-waige.

A wata gasar makarantu a Kaduna, kocin wani kulob ɗin mata na Abuja ta gan ta, ta biyo ta har gida. Malam Sammani ya daɗe yana goge bakin mai a hannunsa, sannan ya ce ya yarda, amma da dogon wando da ɗankwali, sallah kuma a kan lokaci.

Shekarar farko benci ta sha. Ta yi kewar furar gida, ta koyi Turancin buroka, abokan wasa suka sa mata suna "Katsina". Sai 'yar baya mai lamba huɗu ta ji rauni aka ce Ramla ta shiga. Tun daga ranar ba a sake zaunar da ita ba.

Inna Hajo kan kalli wasan a wayar Nasiru, babban yayan Ramla, amma abu ɗaya ya dame ta. Ta kira ɗiyar ta ce, "Wai mi ya sa kullum kina can baya? Kunya kike ji? Ki matsa gaba mana ki ci ko ɗaya."

"Inna, aikina hana ci ne."

"Au, aikin rowa aka ɗauke ki ke nan."

Bana kulob ɗin ya zo Katsina wasan sada zumunci. Malam Sammani ya rufe gareji, ya ari keke ya kwaso iyalinsa. Ana dab da tashi, wata doguwar 'yar gaba ta abokan hamayya ta yanke mai tsaron gidansu ta buga. Ramla ta zube a ƙasa ta ɗebe ƙwallon daga bakin raga. Filin ya ɗauki ihu, amma guɗar Inna Hajo ta fi ta kowa, har alƙalin wasa ya waiga.

Da aka tashi, Inna ta riƙe hannunta tana kakkaɓe mata ƙasa. "Na ga doguwar nan, ba ta da mutunci. Allah shi yi maki albarka. Ce wa ƙawayenki su biyo mu, na yi dambu."

Gaba ɗayansu suka je, har da kocin. Tabarmi ba su isa ba, sai da aka aro a maƙwabta.