Yagana Mai Ƙosai a Tagar Aji

Duk wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Geskeru cikin shekarun 1990 ya ci ƙosan Yagana Umara. Kaskonta yana gindin wata bishiyar bedi, daf da tagar ɗakin da ya haɗa aji biyar da aji shida, waɗanda malamai ke kira CM1 da CM2. Doguwar mace ce, baƙa, mai zanen Barebari a kumatu, kuma ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba. Mijinta Grema manomin tattasai ne a bakin kogin Komadugu. Yagana ma ta taɓa zaman bencin lakwal. Ta kai aji uku, sai mahaifinta ya kwashe iyalinsa zuwa tsibiran tafki kamun kifi, karatun ya tsaya nan. Abin da ta fito da shi bai wuce baƙaƙen boko da ƙirga ba.

Shekara shida ta yi tana tuya a gindin tagar nan, darussa iri ɗaya suna wucewa ta kanta kowace shekara: rabawa mai waƙafi, rabi da sulusi da rubu'i, kewayen fili da faɗinsa, lita da kilo. Yara suka zo suka wuce, ita tana nan. Faransancin aji ya shige mata kunne ba ta nema ba. In malami ya ba da lissafi, sai ta tsinci kanta tana yin sa a zuci tana juya ƙosai.

A farkon shekarar karatu ta 1996 aka kawo wa ajin sabon malami ɗan Damagaram, Mushe Jibirin, don da Mushe ake kiran malamai a can. A shekarar ce kuma ɗiyarta Hussaina ta shiga aji biyar. Wata safiya ya rubuta a allo: rami yana ɗauke da ruwa lita dubu da ɗari biyu, injin ban ruwa yana jan lita saba'in da biyar a minti ɗaya, minti nawa zai yi ya kwashe? Ya karanta sau biyu. Ba wanda ya ɗaga hannu. Ya sake tambaya, har ya fara ɗaga murya.

"Sez!" in ji wata murya daga waje. Goma sha shida ke nan da Faransanci.

Yara suka fashe da dariya. Mushe Jibirin ya leƙo taga, ya ga mai ƙosai riƙe da matsami.

"Iya, ke kika faɗa?"

"Ni ce. Ko ba daidai ba ne?"

"Daidai ne. Yaya kika yi?"

"Minti huɗu ɗari uku. Ɗari uku sau huɗu ya cika ramin. Huɗu sau huɗu kuwa ko akuya ta sani."

Ya miƙo mata alli ta taga, ya ce ta rubuta yadda ake jera shi. Nan ta tsaya. Amsa tana kanta, amma hannunta bai san hanya ba. Ta mayar masa da allin, ranar ƙosai biyu suka ƙone mata.

Kashegari ta yi wanka, ta ɗaura zanen fita, ta tafi wurin shugaban lakwal, Mushe Maikano, wani dattijo mutumin yamma wanda ba ya wasa da doka. Ta ce tana son benci a aji biyar.

"Shekarunki nawa, Madam?"

"Talatin da wani abu."

"Doka ta yanka shekarun ɗan lakwal. Ba ni da layin da zan sa ki. In kina so, ki jira masu yaƙi da jahilci su zo."

"Mushe Direkta, waɗannan a, ba, ca suke koyarwa. Ni na wuce nan tun kafin a aurar da ni. Abin da ake yi a ɗakin can nake so."

"Ba zai yiwu ba."

"To, benci naku ne," in ji ta. "Kunne nawa ne."

Ranar kasuwa ta sayo ɗan allon hannu da alli da kaye biyu, wato littattafan rubutu. Daga nan, da ta gama tuya sai ta sauke kasko, ta juya turmi ta zauna, fuskarta ga taga. Mushe Jibirin bai ce zo ba, bai ce tafi ba. Sai dai ya koma rubutu a gefen allon da ake hangowa daga waje, baƙaƙensa kuma suka ƙara girma.

Gari ya ɗauka. Mata a bakin rijiya suna cewa Yagana ta koma yarinya, saura a yi mata kitson ƴan lakwal. A gonar tattasai aka tsokani Grema, wai ya shirya, nan gaba da Faransanci za a kawo masa tuwo. Shi mutum ne mai sanyi. Ya ce, "Tuwon dai yana zuwa kan lokaci. Ku da matanku ba sa karatu, naku ya fi nawa daɗi ne?"

Wadda abin ya fi ci ita ce Hussaina. Wata rana ta dawo gida tana kuka, ta jefar da jakarta a gaban uwarta, wadda take kira Ya.

"Ya, don Allah ki bari. Cewa suke ni da uwata ajinmu ɗaya."

"Ƙarya suka yi?"

"Kunya nake ji."

"Sata na yi, ko bara na je?" Yagana ta ɗauki jakar ta kakkaɓe ta miƙa mata. "Ke kina ciki a inuwa, ni ina waje kan turmi. In akwai mai kuka a cikinmu ba ke ba ce. Buɗe kayenki, akwai layin da kan wani yaro ya tare mini."

Bayan wata biyu Mushe Maikano ya fito da kansa. Ya ce tana raba hankalin yara, ta kwashe kaskonta da turminta daga filin lakwal. Lakwal ɗin ba ta da danga. Yagana ta tambaye shi ina filin ya tsaya. Ya ce takarda tana ofishinsa: tsawo mita ɗari da ashirin daga dutsen iyaka na bakin rijiya, faɗi mita casa'in.

A makon nan ake koyar da awon fili. Ta samo igiya, ta roƙi Mushe Jibirin sandar mita ta aji, ta auna goma ta ƙulla. Ranar Alhamis da hantsi, ta kafa tsinke a dutsen iyaka, ta ja igiya, ta cire, ta sake kafawa, tana ƙirgawa da ƙarfi. Mutane suka taru suna kallo. Igiya ta goma sha biyu ta ƙare bayan bangon aji da taki uku. Bishiyar bedi tana gaba da nan.

"Mushe Direkta," in ji ta, "goma sau goma sha biyu, ɗari da ashirin. Ga iyakarka. Daga nan zuwa turmina mita ɗaya da rabi. In na yi kure, ga igiya, ka auna."

Bai auna ba. Ya dube ta, ya dubi taron, ya juya. Washegari ya sa aka rufe tagar. Kwana uku aka yi haka, zafi ya hana yara numfashi, aka buɗe.

Lissafi bai taɓa ba ta wahala ba, da hannunta ya saba jera shi. Abokin gabarta dikte ne, inda malami ke karanta nassi yara su rubuta, kure biyar kuma sifili ne. Ta kasa gane harshen da zai rubuta baƙi ya hana shi magana. Takan ce wa Mushe Jibirin, "Waɗannan na ƙarshen kalma, in ba za a faɗe su ba, wa ya gayyace su?" Yakan yi dariya ya ce su ne ke nuna ɗaya ne ko da yawa, jiya ne ko yau. Takan karɓi kayenta ja wur da gyara, ta sake kwafewa.

Karatu kuwa ta fara shi da yatsa a kan layi, tana tauna kalma ɗaya-ɗaya, har ta kai ga iya faɗin abin da shafi ya ƙunsa in an rufe littafi. A aji shida aka ba su insha'i: su ba da labarin ranar da ruwan Komadugu ya dawo bayan rani. Yara suka rubuta an yi murna, an yi wanka. Ita ta rubuta yadda bakin ruwan ke tahowa a kan yashi, siriri, yana tura kara da kumfa a gabansa, yadda ƙasa ke ƙara tana sha, da yadda kakarta ke tsugunawa ta wanke fuska da na farkon. Huɗu cikin goma ta samu, saboda kurakurai. Amma nata Mushe Jibirin ya karanta wa aji, bai faɗi mai shi ba. Hussaina ta gane kakar, ta sunkuyar da kai.

Mushe Jibirin ne ya gaya wa Yagana cewa wanda ba ɗan lakwal ba ma yana iya zaman jarrabawar satifika da sunan kansa. Sai da ta je Diffa sau uku da shaidu biyu kafin ta sami takardar haihuwa. Ranar jarrabawa, cikin Yunin 1998, mai gadin ƙofa ya tare ta, ya ce iyaye su jira a waje. Ta zaro takardarta mai hoto ta ɗora masa a hannu.

"Karanta, in ka iya. In ba ka iya ba, kawo in karanta maka."

Da sakamako ya fito, Hussaina ta ci, har da shiga kwalej a Diffa. Yagana ta faɗi. Kure bakwai a dikte. Matan bakin rijiya suka sami abin yi. Wata ta ce mata, "To, yanzu kya huta." Ta ce, "Bakwai ne. Biyar ke kashe mutum. Uku kawai zan kore, ban ga abin hutu ba."

Shekarar da ta biyo ta zo da yajin aikin malamai, aji yakan yi makonni a rufe. Ta ari littafin karatu na aji shida, ta kwafe shi tun daga bango har bango cikin kaye huɗu, tsakanin tuyar safe da tsinkar tattasai. Duk baƙin da ba a faɗi sai ta zagaye shi da jan bik, wato biro. A Yunin 1999 ta sake zama. Ba a gaya mata kure nawa ta yi ba, amma da ake kiran sunayen waɗanda suka ci, nata ya fito. Mushe Maikano ne ke riƙe da takardar. Ya karanta shi kamar na kowa, ya wuce na gaba. Grema ya yanka zakara.

Satifika ba ta sauya mata sana'a ba. Ta ci gaba da tuya. Sai dai manoman tattasai suka fara kawo mata kwalaben maganin feshi da ake tsallakowa da su daga Najeriya, ta duba lambobin jiki ta ce musu murfi nawa a lita goma sha biyar, don da yawansu da ka suke zubawa har ganye ya ƙone. Mata kan kawo wasiƙa, ta rubuta musu abin da suka faɗa, ba ta yarda ta sassauta ko kalma ɗaya. Da wata ƙungiya ta zo a 2004 tana neman mai koyar da mata, aka nuna ta. Ta karɓa, da sharaɗin ba za ta tsaya a a, ba, ca ba, sai sun kai rabawa.

Wani hutu Hussaina, wadda a lokacin take shirin zama malama, ta zo gida da tsofaffin kayenta na kwalej. Yagana ta buɗe na lissafi, ta yi ta kallo, ta murtuke fuska.

"Wannan x ɗin wane ne, da ake ta nemansa shafi bayan shafi?"

"Lambar da ba a sani ba ce, Ya. Ita ake so a gano."

"Kuma a bar ni ban sani ba?" Ta jawo tabarma da ƙafa. "Zauna. Fara daga shafin farko, kada ki tsallake mini komai."